Ranar Da Cocin Ya Yi Ɗumi

Ranar Asabar, ashirin da biyu ga Fabrairun 1969, na kashe ƙungiyar kiɗanmu da hannuna, aka ɗora wa wata yarinya laifin, bayan shekara guda kuma yarinyar ta aure ni.

Sunan ƙungiyar Laimar Bishop. Kada a tambaye ni dalili. A zamanin, duk saurayin da ya mallaki jita da doguwar suma yana ganin suna mai ma'ana abin kunya ne. Mu huɗu ne, duk 'yan Grimsby, garin masunta, duk muna ƙarnin kifi ko da ba mu taɓa shi ba. Roy Drewery ke waƙa da kaɗa jita. Shi ne kyakkyawan cikinmu, kuma ya sani. Malcolm Haith ke da ogan na lantarki, abin kiɗa mai madannai, wani ƙaton akwati da sai mutum huɗu ke iya ɗagawa, shi ya sa ba mu taɓa korar kowa ba. Mai ganga sunansa Terence, amma ko uwarsa Tulu take ce masa. Sai ni, Cedric Maltby, wanda tun ina ɗan shekara goma sha huɗu nake kaɗa ogan a coci ranar Lahadi. Ni kaɗai na iya karanta kiɗa a rubuce, saboda haka suke kirana Farfesa, ba don girmamawa ba.

Sana'armu ita ce mu ɗauko kiɗan tsofaffin Jamusawa da suka shekara ɗari biyu a ƙasa, waɗanda ba za su iya kai mu ƙara ba, mu cusa masa ganga da kukan jita, Roy ya ɗora waƙa a kan taurari da dawakan teku da wata sarauniya mai idon gilashi. Waƙa ɗaya sai ta ci minti ashirin. A gidajen rawa na bakin tashar jiragen ruwa kuwa, masunta ne da suka yi mako uku a teku, ba abin da suke so illa su riƙe mace su juya. Mun sha jifa da kwalba. Akwai ranar da wani ya hau dandamali, ya cire hularsa, ya tambayi Roy cikin ladabi ko rasuwa aka yi.

Ta biyar ɗinmu, wadda ba a sa sunanta a takardar talla, ita ce Noreen Blanchard. Da rana tana aiki a kantin magani. Da yamma ita ce mai haskenmu. Tana da majigi uku da ta sayo na hannu daga wata makaranta. Sai ta ɗiga mai da tawada tsakanin gilasai biyu, zafin fitila ya taɓa su, su yi ta kumbura suna rabuwa a bangon bayanmu, ja yana haɗiye shuɗi, kore yana haihuwar ɗorawa. Yatsunta kullum launi bakwai ne. Shekara guda na yi ina kallon yatsun nan, ban haɗa jimla goma da mai su ba. Roy kuwa yana kiranta "'yar fitila", yana yi mata irin neman da yake yi wa kowace mace, wato idan babu wata a kusa.

A damunar wannan shekara (a garinmu duk shekara damuna ce) na rubuta babban aikina. Minti arba'in. Na sa masa suna Ambaliya, don tunawa da ruwan da ya cinye gaɓarmu muna yara. Ogan biyu ne ke magana a ciki: babban ogan na coci mai bututu dubu da ɗoriya shi ne teku, na Malcolm shi ne gari. Suna kusantar juna, suna ja da baya, a ƙarshe su haɗu a kan murya ɗaya su riƙe ta minti guda cur. Na karanta littattafai da yawa a lokacin, kuma kowa na iya gani.

Ga inda gizo ke saƙar. Jita ana iya ɗaure mata tsirkiya ko a sassauta. Ogan na lantarki ba ya hawa ba ya sauka, yadda masana'anta ta haife shi haka zai mutu. Shi kuwa ogan na coci, iska yake shaƙa kamar mutum. In iskar cikin bututun ta yi sanyi, muryarsa ta sauka. In ta yi ɗumi, ta hau. Na cocinmu, wanda ke bayan kasuwar kifi (yanzu wurin ajiye motoci ne), tun asali an gina shi da murya sama da ta kowa. Da bazara ba wanda zai iya bin sa. Amma a tsakiyar hunturu, in cocin ya yi sanyin da mutum ke ganin numfashinsa, sai ya sauko ya zauna daidai da na Malcolm, kamar tagwaye. Dalilin da ya sa na zaɓi Fabrairu ke nan. Ban gaya wa kowa ba. Na fi so a ɗauka baiwa ce.

Roy ya yi ta rubuta wasiƙu har wani mutum daga kamfanin faifai a Landan ya yarda zai hau jirgin ƙasa ya zo ya ji mu. Rabaran, limaminmu, ya ba mu cocin da sharaɗi uku: a fara ƙarfe huɗu, a gama kafin shida, kada a sha taba ko wani abu mai kama da ita.

Ranar Juma'a muka yi gwaji na ƙarshe. An kafa majigin Noreen a saman bene inda babban ogan yake, kusa da kujerata, don daga can ne hasken zai kai bangon gaba. Ogan biyun suka haɗu lafiya lau, har Tulu ya ajiye sandunansa ya ce, "Kai, Farfesa, ashe kan nan naka ba don hula kaɗai aka yi shi ba." Amma a bango babu komai sai wani dunƙulallen tabo mai launin hanta.

"'Yar fitila!" Roy ya ɗaga murya daga ƙasa. "Wannan me ke nan? Taswirar ciwo?"

"Man ya daskare," in ji ta. "Kai ma da za a matse ka tsakanin gilasai biyu a wannan sanyi, ba za ka yi rawa ba."

"To ki hura masa baki."

"Zo ka hura masa kai. Iska ce dai ba ka rasa ba."

Ta cire safar hannu don ta goge gilashin, sai na ga bayan yatsunta ya tsage, tawada ta shiga cikin tsagar. Tana rawar ɗari har haƙoranta na ƙara. Ta lura ina kallo.

"Me ya faru, Farfesa? Ba ka taɓa ganin mutum yana mutuwa a coci ba?"

"Ana kawo su ne bayan sun gama," na ce.

Ta yi dariya. Wannan ce dariyar farko da na taɓa samu daga gare ta, kuma ita ta jawo komai.

Da aka watse na sauka ƙarƙashin cocin wurin Baba Sleight, tsohon da ke kula da ginin. Yana zaune kusa da tukunyar ɗumama cocin, wata baƙar dodanniya mai cin kwal, wadda ba a hura ta sai Kirsimeti ko jana'izar mai jiragen ruwa.

"Baba, gobe a taimaka a ɗan hura mana ita."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai ne fa mai ogan. Ka san abin da tsohuwar can ta sama ke yi in ta ji ɗumi."

"Kaɗan kawai. Yadda dai mai zai narke."

"Wane mai?"

Na shiga gyara maɓallin kwat ɗina.

"Oho," in ji shi. "Man yarinyar nan mai jan gashi." Ya ƙwanƙwasa bututun tabarsa a takalmi. "Ɗana, tukunyata ba ta san kaɗan ba. Ko dai gawa ce, ko kuma gidan wuta."

"Na yi lissafi, Baba."

"Ai na ga alama."

Da gaske na yi lissafin, a bayan ambulan. Na gano cewa in ƙarin ɗumin bai wuce digiri uku ba, bambancin muryar ba mai jin sa sai ni. Na yi masa alkawarin kaɗa ogan a bikin 'yarsa, ya ce to. Abin da ban sa a ambulan ba shi ne, Baba Sleight mutum ne mai son soyayya ta yi nasara, ya tashi tun asuba ya yi ta zuba kwal kamar zai tuƙa jirgi zuwa Norway. Ban kuma lissafa mutum ɗari uku da jiƙaƙƙun riguna ba, kowa yana fitar da tururinsa.

Ina buɗe ƙofar cocin ƙarfe uku da rabi ranar Asabar, ɗumi ya mare ni a fuska. Na san an gama. Ina da rabin sa'a da zan iya buɗe ƙofofi, in tara yaran in gaya musu gaskiya, mu soke ogan ɗaya mu ceci abin da ya saura. Na hau bene da wannan niyya. Sai na tarar da Noreen ta cire kwat, ta naɗe hannun riga, tana jujjuya gilashi a gaban fitila, jan mai yana gudu a ciki kamar mai rai.

"Farfesa, zo ka gani! Yau Allah ya tuna da mu. Wa ya mutu aka hura wuta?"

"Wataƙila Rabaran ne ya ji tausayi," na ce, na zauna a kujerata.

Minti goma sha biyu na farko ni kaɗai ne da Tulu, kuma ban taɓa kaɗa abu mai kyau kamarsa ba. Teku ya taso a hankali daga manyan bututu har kujeru na rawa. Bangon gaba, inda waliyyai ke tsaye a sassaƙe, ya koma ruwa, shuɗi na bin kore, wani farin kumfa na fashewa a kan fuskar manzanni. Ta madubin ogan ina hango mutumin Landan a layi na uku, da jar riga mai gashi, ya daina duba agogo.

Sai Malcolm ya shigo.

Wanda bai taɓa jin murya biyu da suka kusa haɗuwa amma suka ƙi ba, ba zai gane ba. Da sun yi nisa da juna, da sai a ce salo ne. Amma tazarar ba ta kai rabin takin murya ba, sai suka riƙa gogar juna, wani kaɗawa na fita tsakaninsu yana shiga haƙori. Kamar a ɗaure karnuka biyu a buhu ɗaya. Malcolm ya ɗago kai ya dubi bene, ya dubi hannunsa, ya daki gefen akwatin. Roy ya rasa wanda zai bi, ya ɗaure tsirkiya ya bi ni, ya sassauta ya bi Malcolm, daga bisani ya tsaya a tsakiya ya saɓa wa kowa. Ya shiga waƙar sarauniya mai idon gilashi da fuskar wanda ake cire wa ƙaya. Tulu kaɗai ke cikin jin daɗi, don ganga ba ta da wannan matsala, shi ma ba shi da ita.

Minti ashirin da bakwai muka yi a haka. Sannan muka iso muryar ƙarshe, wadda teku da gari za su zama ɗaya. Na rubuta minti guda, kuma na riƙe ta minti guda, don ni mutum ne mai bin abin da aka rubuta. Wata tsohuwa ta fita da hannu a kunne. Wasu ɗalibai a baya, waɗanda suka karya sharaɗin Rabaran na uku tun kafin su shigo, suka miƙe suna tafi, ɗayansu yana kuka.

Mutumin Landan ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaura gyale. Roy ya bi shi da gudu.

"Yallaɓai, ba haka yake fita ba kullum..."

"Na yarda," in ji mutumin. "Hasken dai ya yi kyau ƙwarai. Ina ne hanyar tasha?"

A ɗakin da limamai ke canza riga muka taru. Roy ya yi jifa da jitarsa kan tarin littattafan waƙa.

"Farfesa, yi mana bayani. Jiya lafiya, yau haukar me?"

"Zafi ne," na ce. "In bututu suka yi ɗumi, muryar takan hau."

"Zafin me?"

Tulu ya ɗaga hannunsa, akwai jan tabo a gefen tafin. "Ni dai na taɓa injin 'yar fitila ɗazu, kamar na taɓa kasko."

Duk suka juya. Noreen na tsaye a bakin ƙofa da akwatin gilasanta.

"Ke!" in ji Roy. "Majigi uku kika kafa a gindin bututun! Shekara biyu muna jan akwatin Malcolm a kan ƙanƙara, ki zo ki soya mu da fitilar makaranta?"

"Ai kai ka ce a kafa su a can."

"Ni na san ogan? Ni mawaƙi ne!"

"Yau dai ba a ga alama ba."

Majigi uku ba za su iya ɗumama bututu dubu ba, kamar yadda ashana ba za ta tafasa kogi ba. Duk wanda ya san ogan ya san haka, kuma a ɗakin mutum ɗaya ne ya san ogan. Noreen ta dubi mutumin, wato ni.

"Farfesa, haka ne? Ni ce?"

An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni ban ma hango na kowa ba, gyara tsayuwa kawai na yi a kan nawa. In na ce ni ne, sai an tambayi dalili, dalilin kuma yana tsaye a gabana da tawada a yatsu, ga Roy, ga Tulu da bakinsa.

"Zafi dai zafi ne," na ce.

Ta ɗan jima tana kallona. Sannan ta ce, "To, madalla. Wani ya kama mini majigi ɗaya, ba ni da hannu uku."

Ni na kama. Na kai mata har tashar bas, bas ɗin ya wuce mu, muka sayi kifi da dankali a takarda muka ci a tsaye a ƙofar wani kanti. Ta ce kiɗan minti goma sha biyun farko ya sa ta tuna daren ambaliya, da aka ɗora ta a kan kabad ruwa na shigowa ɗaki. Ba wanda ya taɓa gaya mini abu mai daɗi kamar wannan, kafin nan ko bayan nan.

Ƙungiyar ba ta kai mako biyu ba. Roy ya tafi Landan neman suna, ya dawo yana sayar da darduma. Malcolm ya shiga aikin inshora, wanda dama can shi ya dace da fuskarsa. Tulu ya tafi teku. Ni na zama malamin kiɗa a makarantar sakandare, na shekara talatin da biyar ina koya wa 'ya'yan mutane su tsani sarewa.

Labarin kuwa ya zama abin dariyar gidanmu. Noreen da kanta take bayar da shi a wurin biki: "Ni ce matar da ta kashe Laimar Bishop. Da ba don ni ba, da yanzu Cedric na da jirgin sama da mata huɗu da ya saka." Mutane su yi dariya, ni ma in yi. Shekarar farko tsoro ya hana ni magana. Ta biyu na ce sai an samu lokacin da ya dace. Daga nan kuma an riga an ɗora rufi a kan bangon, har 'ya'yanmu biyu sun girma a ƙarƙashinsa. Na karanta littattafai masu yawa a kan mutanen da suka ɓoye laifi, duk cikinsu laifin yakan cinye mai shi. Ƙarya ne. Ni na yi ƙiba.

Abu ɗaya ne ya riƙa damuna. Duk shekara, ranar da sanyi ya fara shigowa, sai ta tsaya da hannu a kan makunnin ɗumama gida, ta leƙo falo ta ce, "Farfesa, in kunna? Ko zai ɓata maka kiɗa?" Kuma na tuna a ranar aurenmu Baba Sleight ya tsare ta kusa da tukunyar shayi, sun daɗe suna magana, tana dariya har da riƙe ciki. Ban taɓa tambayar ta me ya ce ba. Ita ma ba ta faɗa ba. Ko dai ta sani tana jira, ko ba ta sani ba tana tsokana. Shekara arba'in da bakwai ina kwana kusa da amsar.

Bara wasu samari masu gemu suka zo har gida. Wai an tsinci tef na wannan rana a kayan ɗaya daga cikin ɗaliban nan, an sa a intanet, mutane na ta saurare. Suka zauna a kujerar Noreen suka shaida mini cewa na riga zamanina, cewa yadda na saɓa muryar ogan biyu da gangan don nuna teku da gari ba za su taɓa sulhu ba, abu ne da sai mai zurfin tunani. Na ba su shayi. Lokacin da abin yake laifi, ita ta ɗauka. Da ya zama yabo, sai aka kawo mini har gida, ita kuma ba ta nan balle ta yi musu dariya.

A asibiti ta ƙare, cikin watan Nuwamba, a wani ɗaki da suka ɗumama kamar gidan burodi. Ranar Talata da la'asar ina zaune ina ɓare mata lemo, ta ce in ɗan buɗe taga. Na buɗe, na dawo na zauna, na ajiye lemon.

"Noreen, ranar nan a coci..."

"Haba, Cedric," ta ce, idonta a rufe, bakinta na murmushi. "Har yanzu ba ka yafe mini ba?"

Sai ga ma'aikaciyar jinya ta turo keken shayi, tana tambaya ko da sukari. Na ce cokali biyu. Na ce a raina gobe ma rana ce. Laraba da safe aka bugo mini waya daga asibiti ina ɗaure takalmi.

Jimlar da na so faɗa mata ba ta da tsawo, na auna ta sau da yawa, ba ta kai numfashi biyu ba. Noreen, ba majiginki ba ne. Ni na sa aka hura wutar, don na ga hannunki yana rawa.